Littafin Awon Kawu

Kawuna tela ne a Fagge, kuma tun ina firamare a shagonsa nake cinye hutuna. Aikina sa botin, share ƙyallaye, da riƙe bakin tef idan ana awo. Abin da ya fi zauna mini a rai game da shi, ba ya taɓa ɗaukar almakashi sai ya gama tambaya. Mutum zai shigo da shadda yadi goma a leda yana ɗokin a yanka, Kawu ya karɓa ya ajiye gefe, ya ce, "Alhaji, ina za a da rigar? Ɗaurin aure ne, ko ofis, ko Idi? A mota za ka ko a kan babur?" Sai ya ji amsa sannan ya zare tef daga wuyansa: kafaɗa, ƙirji, hannu, wuya, tsawo. Kowace lamba ta shiga wani littafi mai baƙin bango da ya sha man keke, kowane mutum da shafinsa.

Bayan shekaru karatu ya kawo ni Manchesta, garin da tun 1851 Heinrich Barth, wanda mutanenmu suka sani da Abdulkarim, ya tarar da yadinsa a kasuwar Kano. Nan na shiga fama da wani zane. A rubutun boko kalmar ɗaya ce, zanen da mace ke ɗaurawa da zanen da ake yi a takarda, sai a baki ake raba su. Nawa na takarda ne, zanen alƙaluma, wato layuka da sanduna da ɗige-ɗigen da mai bincike ke jerawa don mutane su ga abin da ya auna. Hausawa sun ce gani ya kori ji, kuma dalilin wannan zane ke nan: shafi uku na lambobi su koma abin da ido zai kama kafin a ƙifta.

Zanen farko da na kai wa malamin da ke duba aikina layi biyu ne, ja da kore. Ni na zaɓi launukan da kaina, ja ga abin da ke lalacewa, kore ga abin da ke gyaruwa, kuma a idona sun yi kyau. Ya duba, ya matso da fuskarsa dab da allon kwamfuta, ya ja baya, sannan ya tambaye ni wanne ne wanne. Na nuna masa akwatin bayanin da ke gefe. Ya ce ya gani, amma a nan ma launi ɗaya yake gani sau biyu, domin tun haihuwa idonsa ba ya raba ja da kore. Bai yi faɗa ba. Cewa kawai ya yi, tunda a Manchesta nake, in nemi labarin John Dalton.

Akwai titi mai sunansa a tsakiyar gari, na sha bi ta kansa ban taɓa tambaya ba. An haifi Dalton a 1766, ya zo Manchesta a 1793 yana koyar da lissafi, kuma duniya ta fi saninsa da bayanin ƙwayar zarra. Amma takardar farko da ya karanta a gaban ƙungiyar masana ta birnin, a watan Oktoba na 1794, a kan idonsa ce. Wani fure ne ya tona masa abin da ke tare da shi. Da rana yana ganinsa shuɗi kamar sararin sama, da dare a hasken kyandir sai ya ga ya juya ya yi ja-ja. Ya tambayi abokansa, kowa ya ce fure bai sauya ba, in ban da ɗan'uwansa wanda shi ma haka yake gani. Dalton ya ɗauka ruwan cikin idonsa ne ke da shuɗi, har ya bar wasiyya a duba idan ya mutu. Da ya rasu a 1844 likita ya cika wasiyyar, ya tarar ruwan ba shi da wani shuɗi. Aka adana abin da ya rage na idanun, yanzu suna hannun gidan tarihin kimiyya da masana'antu na Manchesta. Sai a 1995 masana suka ɗauki ɗan guntu suka binciki ƙwayoyin gadonsa, suka gano ɗaya daga cikin sinadarai uku da ido ke kama launi da su, mai kama kore, shi ne babu. 'Yan'uwanmu na Maraɗi da Damagaram da suka yi bokon Faransanci da sunansa suka san wannan lalura.

A cikin Turawa kusan namiji ɗaya cikin 12 yana da ita, mace ɗaya cikin 200. A wurinmu ba ta kai haka yawa ba, amma akwai ta, kuma da yawa ba su ma san suna ɗauke da ita ba, yadda Dalton ya girma bai sani ba. Ke nan idan ka tsaya a zauren taro a Ingila mai maza hamsin ka haska zanen ja da kore, mutum huɗu ka rufe wa ƙofa, kuma ba wanda zai ɗaga hannu ya faɗa maka. A daren nan Kawu na tuna. Na yanka yadi ban tambayi mai sawa ba. Gyaran bai ci mini minti biyar ba: layi ɗaya shuɗi, ɗaya ruwan lemo, ɗaya miƙaƙƙe, ɗaya tsinke-tsinke, ta yadda ko launin ya ɓace siffar za ta raba su.

Kayan aikin da nake zanen da shi sunansa Matplotlib. Masu kwamfuta suna kiran irinsa laburare, wato tarin umarnin da wasu suka riga suka rubuta, kai kuma ka ɗauko ka yi aikinka da shi. Asalinsa labarin shago ne mai keke ɗaya. John Hunter masanin ƙwaƙwalwa ne a Jami'ar Shikago, yana nazarin motsin lantarkin da ke cikin ƙwaƙwalwar masu farfaɗiya. Manhajar da suke duba wannan motsi da ita ta kuɗi ce, lasisi ɗaya tal ɗakin binciken ya mallaka, wani ɗan mabuɗi da ake soka wa kwamfuta, ɗalibai da likitoci suna yin karɓa-karɓa da shi. Duk wanda ya taɓa zama a shagon da yara biyar ke jiran keke ɗaya ana saura kwana uku Sallah ya san zafin wannan jira. Hunter ya zauna ya rubuta nasa a harshen kwamfuta na Python, ya fitar da shi a 2003, ya bar shi a buɗe: kowa ya ɗauka kyauta, ya kwance ya ga yadda aka haɗa, ya gyara inda ya ga baraka, ya mayar don na baya su amfana. Ya rasu a watan Agusta na 2012 yana da shekara 44, aikin kuma bai tsaya ba, ɗaruruwan mutane daga ƙasashe daban-daban suka ci gaba da shi irin na gayya. Yana cikin kayan da aka yi aiki da su wajen fito da hoton farko na baƙin ramin sararin samaniya a watan Afrilu na 2019.

Wannan buɗewa ba ƙaramin abu ba ce gare mu. Lasisin manhaja da dala ake sayensa, kuma na san ɗalibai da yawa a gida da ke lallaɓawa da kwafin sata, kullum cikin fargabar ranar da zai ƙi buɗewa. Da Matplotlib, ko seaborn da aka ɗora a kansa, ko ggplot2 na masu amfani da harshen R, ɗalibin Zariya ko Sakkwato mai tsohuwar laftof keke iri ɗaya yake takawa da farfesan Manchesta.

Sai dai keke ba ya ɗinki shi kaɗai. Idan ka ba Matplotlib lambobinka ba ka ce masa komai ba, zai miƙo maka zane mai faɗin inci 6.4 da tsawon inci 4.8, rubutunsa mai girman 10. Ɗinkin kanti ke nan, rigar da aka yanka don kowa. Tana rufe jiki, amma ba ta zauna wa kowa ɗas. Mujallun kimiyya da yawa suna raba shafi gida biyu, kowane gida kusan inci uku da rabi. Ka kai musu wancan zane a matse shi ya shiga, rubutu mai girman 10 ya koma biyar da rabi, ba mai karanta shi sai da gilashin ƙara girma. Kawu yakan jiƙa akoko ya shanya kafin ya yanka, don ya san zai tsuke a wankin farko, gara ya tsuke tun yana yadi. Haka ya kamata a yi wa zane: ka fara sanin gurbin da zai shiga, ka ba shi wannan awon tun farko, sannan ka zaɓi girman rubutu. Na mujalla daban, na majigin zauren taro daban, na allon waya daban. Yadi ɗaya ne, riga uku. Wajen ajiyewa kuma, PDF ko SVG suna riƙe layi a matsayin layi, duk yadda aka buɗa shi ba ya dusashewa. In kuwa dole sai hoto irin PNG, to a ba shi ɗigo 300 a kowane inci idan bugawa za a yi.

A littafin Kawu ba za ka ga 42 tsirara ba. Za ka ga ƙirji 42, kuma kowa a shagon ya san inci ake nufi. Yaron da ya rubuta lamba bai faɗi ta mene ne ba sai ya sake kiran mai kaya an sake awo. Amma sau nawa na ga zanen masu digiri da layin tsaye da na kwance ba suna, ko da suna ba ma'auni? Zafi ne, to a wane sikeli? Nauyi ne, giram ko kilo? Layi biyu na umarni ke gyara wannan. Wani abin da ya faranta mini rai, salon rubutun da Matplotlib ke zuwa da shi, DejaVu Sans, yana ɗauke da haruffanmu masu lanƙwasa. Ranar da na rubuta "ƙarfin iska" da "ɗumin ƙasa" a gefen zane suka fito daidai, ba akwatunan wofi a gurbin ƙ da ɗ, na daɗe ina kallon allon. Ba abin da ya hana malamin gona a Katsina ko ma'aikaciyar asibiti a Zandar su yi zanensu da Hausa tsantsa.

Batun launi ya wuce ja da kore. Akwai zanen da launi ne ma'auninsa, kamar taswirar zafi ko ta ruwan sama, inda kowane wuri ake shafa masa launi gwargwadon lambarsa. Shekaru da yawa jerin launukan da Matplotlib ke bayarwa na bakan gizo ne: shuɗi, kore, ɗorawa, ja. Yana da ɗaukar ido kamar atamfar biki, shi ya sa har gobe wasu ba su rabu da shi ba. Illarsa, ido ba ya hawa waɗannan launuka kamar matakala mai daidai. Ruwan ɗorawa da shuɗi mai haske suna tsalle su fito, sai mai kallo ya ga iyaka a inda lambobin ba su da iyaka. Koren tsakiya kuma shimfiɗe yake, yana haɗiye bambancin da ke akwai. A 2011 masu bincike a Jami'ar Harvard sun gwada wannan da hotunan jijiyoyin zuciya, suka ga masu duba hoton sun fi kuskuren gano wuraren haɗari idan da launin bakan gizo aka zana. Mu kuma muna da namu ƙarin dalili. Kundin digirinmu a shagon bakin jami'a ake buga shi, baƙi da fari. Bakan gizo idan ya shiga injin nan, mafi ƙanƙanta da mafi girma duk duhu suke fitowa, kai da wutsiya su zama ɗaya.

Maganin yana nan a marinar Ƙofar Mata tun kakanni. Marini ya tsoma farin ƙyalle a baba sau ɗaya ya fito da shuɗi mai haske, ya sake tsomawa ya ƙara duhu, ya yi ta maimaitawa har ya kusa baƙi. Ka jera ƙyallayen nan a igiya, yaro ƙarami zai nuna maka wanda ya fi daɗewa a karofi, ba sai an ba shi akwatin bayani ba. Jerin launin ma'auni haka ya kamata ya kasance, daga duhu zuwa haske ba tsalle ba komawa baya. A 2015 Stéfan van der Walt da Nathaniel Smith suka gabatar da wani jeri da aka lissafa shi a kan yadda idon mutum ke gani, sunansa viridis. Yana tashi daga shuɗi mai duhu da ya kusa ruwan makuba, ya ratsa kore, ya ƙare a ɗorawa, kowane taki haskensa na ƙaruwa daidai da na baya. Ido irin na Dalton yana karanta shi, injin baƙi da fari ba ya ɓata shi. Da Matplotlib 2.0 ya fito a Janairun 2017, shi ya zama na asali. Wato ɗinkin kantin ma an gyara masa yanka, kuma 'yan gayya ne suka gyara.

Su kansu masaƙun yankin Manchesta da tambaya irin ta Kawu suka ci kasuwarmu. A Hyde, gabas da Manchesta, kamfanin ABC ya yi shekaru yana buga atamfar da iyayenmu ke kira 'yar Ingila kafin aikin ya koma Ghana. Baturen Hyde ba ya ɗaura zane. Abin da matan Afirka ta Yamma ke so shi yake bi, launin da suka karɓa ya ci gaba, wanda suka ƙi ya mutu a kanti.

Wata Asabar na hau jirgin ƙasa daga tashar Piccadilly zuwa New Street a Bamingham, tafiyar kamar awa ɗaya da rabi, saboda wata ƙanwarmu 'yar Katsina da ke karatu a can ta kira ni hankali a tashe. Za ta kafa babbar takardar bincikenta a bangon taro ranar Litinin. "Yaya, wallahi duk abin da na iya na zuba, amma malamata ta ce ta kasa gane inda zancen ya dosa." Da ta buɗe laftof na ga dalili. Da'ira ce aka yanka ta gida tara kamar kankana, aka karkata ta don ta yi kauri, kowane yanki da launinsa da inuwarsa. Zane na biyu layuka shida ne a kan raga mai baƙaƙen layuka, akwatin bayani ya zauna a kan wurin da layukan suka rabu, wato daidai inda labarin yake. Ta yi aiki, ba ƙarya. Kwalliya ce dai ba ta biya kuɗin sabulu ba.

Kawu ba maƙiyin ado ba ne, ya san darajar aska takwas a babbar riga, kuma yakan tura kaya har Zariya a yi musu aikin hannu. Amma yakan ce aiki yana da mazauni. A wuya da aljihu ake zuba shi, don nan ido ke fara sauka, nan ne kuma yadi ke shan ja yana bukatar ƙarfi. Wanda ya bi riga da aiki tun daga kafaɗa har kalmasa ya ɓoye shaddar da ya sayo da tsada, ya kuma ɗora wa mai sawa nauyi. Edward Tufte, a littafinsa na 1983 kan zanen alƙaluma, ya raɗa wa irin wannan suna mai ma'anar tarkacen zane, yana nufin duk tawadar da aka zuba ba ta ɗauke da wani bayani.

Muka zauna muka fara farke ɗinki. Layin sama da na dama da suka kewaye zanen muka cire. Ragar baya muka mayar da ita toka-toka, siririya, mai neman ta zai gan ta, wanda bai nema ba ba ta tare masa. Kankanar nan muka warware ta ta zama sanduna tara a kwance, jere daga babba zuwa ƙarami, domin ido ba mudu ba ne amma ya san kima, kuma kimar tsawo ya fi sani a kan kimar kusurwa. William Cleveland da Robert McGill sun gwada haka da mutane tun 1984. Na tambaye ta, cikin layuka shidan nan wanne ne bincikenki? Ta nuna ɗaya. Shi kaɗai muka bar wa launi mai ƙarfi, sauran biyar suka koma ruwan toka, kowanne da sunansa rubuce a ƙarshensa, akwatin bayani ya tashi gaba ɗaya. Kan zanen kuma, maimakon "Sakamako na 2", muka rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da aka gano. Ta yi shiru tana kallo, can ta ce, "Yaya, ashe abin da na samu ke nan."

Wuri ɗaya ne muka yi gardama. Wasu sanduna biyu nata ba daga sifili suka tashi ba, ta ɗaga gindinsu don bambancin ya fito. A ce abu ɗaya 50 ne ɗaya 52. Ka fara awo daga sifili, kusan kai ɗaya suke. Ka fara daga 49, na biyu ya ninka na farko sau uku a ido. Lambobin da ke rubuce gaskiya ne, amma mai wucewa ta gaban bango tsawon sanda yake gani, ba ya tsayawa karanta gefe. Tef ne aka datse masa baki, kuma duk wanda ya tashi a gidan Hausa ya san matsayin tauye mudu. Ba nufinta yaudara ba, tsoro take ji kada a raina aikinta. Na ce mata ƙaramin bambanci na gaskiya ya fi ƙarfin tsayawa a gaban masu tambaya. Zanen layi yana da sassauci, ba wanda zai fara awon zafin jikin majiyyaci daga sifili, amma sanda da tsawonta take magana, dole ta tsaya a ƙasa. Muka kuma ƙara 'yan siraran layukan nan da ke kan kowace sanda masu nuna iyakar tabbacin awo. Kawu ba ya ɗinke riga cif a kan lamba, yakan bar saki a ciki, don ya san tef na iya zamewa, mutum kuma na iya ƙiba ko ya rame. Mai binciken da ya ɓoye nasa sakin yana iƙirarin tabbacin da ba shi da shi.

Da muka gama da sauran rana, na ce ta zo mu je Handsworth ta ga wani gida. Soho House gidan Matthew Boulton ne, abokin kasuwancin James Watt mai injin tururi, yanzu gidan tarihi ne. Masana'antarsu da ke kusa da nan an daɗe da rushe ta. A 1777 wani saurayi ɗan Sikotland mai shekara 18, William Playfair, ya kama aiki a wurin yana zana wa Watt sassan inji. Aiki ne da layi ɗaya in ya kauce, ƙarfen da maƙeri zai ƙera ba zai shiga gurbinsa ba. Bayan ya bar su, a 1786, ya fitar da littafin zane-zane kan cinikin Ingila da sauran ƙasashe, inda ya sa shekaru a kwance, kuɗi a tsaye, ya ja layi ya nuna hawa da sauka. Da ya zo kan Sikotland bai da lissafin shekaru masu yawa, na shekara ɗaya kawai gare shi da wurare 17 da take ciniki da su, sai ya ja wa kowane wuri sanda. A 1801 kuma ya yanka da'ira ya nuna yadda daular Turkiyya ta rabu tsakanin Asiya da Turai da Afirka, gida uku kacal. Layi, sanda, da'ira: duka ukun da muka yini muna fama da su, ta hannun yaron shagon Watt suka yaɗu a duniya. A zamaninsa a farantin tagulla ake sassaƙa kowane layi kafin a buga. Mu da rubuta kalma ɗaya ke ba mu launi dubu, sauƙin ne ke sa mu zuba abin da ba a nema ba.

A jirgin komowa littafin nan mai baƙin bango nake ta tunani. Amfaninsa ba ranar awo yake fitowa ba, sai bayan shekara, Alhaji ya aiko yaro da sabon yadi ya ce a yi masa irin ta bara, hannu dai a ƙara inci ɗaya. Kawu ya buɗe shafi, ya gyara lamba ɗaya, ya yanka. Fifikon zanen da aka yi da rubutaccen umarni ke nan a kan wanda aka yi ta ja da hannu ana gyarawa a allo. Mai jarrabawa ya ce a ƙara girman rubutu a zane ashirin, ka buɗe fayil ɗin salo ka sauya lamba ɗaya, duka ashirin su sake fitowa. Sabbin alƙaluma su zo, ka sake kunna umarnin. Wani kuma ya yi shakkar sakamakonka, ka miƙa masa littafin ya ɗinka da kansa ya gani. Masanan Jami'ar Bamingham suna cikin tawagar LIGO da ta kama girgizar sararin samaniya ranar 14 ga Satumba 2015, wadda karon baƙaƙen ramuka biyu ya haifar, aka sanar ranar 11 ga Fabrairu 2016. Hujjar da ta gamsar da duniya layi biyu ne masu karkarwa, daga na'urori biyu da ke da tazarar kilomita 3,000 a Amurka, aka ɗora ɗaya kan ɗaya suka hau juna. Tawagar ta saki alƙaluman tare da umarnin Python da Matplotlib, duk mai kwamfuta ya sake zana su a ɗakinsa.

Kawu ya tsufa yanzu, yara ke taka keke, shi yana zaune a bakin shago da tef a wuya. Duk wayar da muka yi sai ya tambaye ni, "Ɗana, wai da gaske kullum ruwa ake yi a garin nan naku?" Na sha gaya masa cewa idan aka tara ruwan shekara, na Kano da na Manchesta ba wani nisa ne tsakaninsu ba, ya ce shi wannan zance bai shige shi ba. Rannan na zauna na yi masa zane. Na fara da tambayoyinsa: wa zai duba, a ina, da wane ido? Dattijo ne, a allon waya, a hasken rana. Na jera watanni goma sha biyu da Hausa, Kano shuɗin baba, Manchesta ruwan lemo, sunan kowane gari a jikin layinsa, na tura masa ta WhatsApp. Bayan la'asar saƙon murya ya shigo, ana jin ƙarar keke a bayansa. "Na gani, ɗana. Naku shimfiɗe yake kamar tabarma, namu kuwa tozo ne, ya taru a Agusta. Yanzu na gane. Amma sunayen watannin nan sun yi ƙanana, sai da na aika a ɗauko mini tabarau." Na ce, "To Kawu, ku ba ni minti ɗaya." Na buɗe umarnin, inda aka rubuta 9 na mayar da shi 14, na sake turawa.